Hirar Bakin Ruwa: Bazara da Cutar Kifi

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga Mai Wurno, a bakin kogin Blue Nile a ƙasar Sudan. Yau ina tare da Baba Idi, wanda ya tsufa da koma a hannu, da kuma Yaya Usman mai kiwon kifi a tafki. Baba, me ya sa kifayen kogin nan, binni da dabs, ke ramewa in bazara ta kai tsakiya?

Baba Idi: 'Yata, ruwa ne. Watan Afrilu da Mayu kogi ya ja baya, kifi ya cunkushe a 'yan kududdufai, ruwan kuma ya yi zafi. Sai ka kamo binni ka ga wani abu kamar zare a maƙale gindin ƙayarsa, wurin ya yi ja.

Usman: Wannan ita ce Lernaea, Baba. Kanta take binnewa cikin tsoka, ramin da ta bari kuma nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Ga kwarkwatar kifi, Argulus, mai shan jini. Dukansu zafi suke so, ƙwansu ya fi saurin ƙyanƙyashewa a ruwa mai ɗumi.

Hauwa: To su ne ke kisa?

Usman: Suna kashe 'ya'yan kifi. Amma wadda ta fi tayar min da hankali ido ba ya ganinta, Dactylogyrus, tsutsar da ta fi addabar kifaye dangin kaf (carp), irin su binni da dabs. Can take zama cikin jan naman nan na ƙarƙashin kunne, inda kifi ke numfashi. Wurin ya kumbura, ya cika da yauƙi. Ga shi ruwan zafi bai riƙe iska sosai. Shi ya sa da asuba za ki tarar da su a saman ruwa suna ta buɗe baki, abinci ma sun ƙi.

Baba Idi: Mu a kogi damina ce ke cetonmu. In ambaliyar Agusta ta sauko daga Habasha, kifi ya watse, ya sami sarari.

Usman: Mai tafki ba shi da wannan gatan. Dole ya rage yawan kifi kafin zafi, ya ware sababbin 'ya'ya na wasu makonni, ya yi musu wankan gishiri. Sai dai gishiri ba ya taɓa Lernaea da ta riga ta kafe. In an kwashe kifi, a busar da tafkin har ƙasa ta tsattsage, a zuba farar ƙasa.

Hauwa: Mata suna tambaya, ana cin irin wannan kifin?

Baba Idi: A kankare, a dafa shi ya nuna sosai, a ci. Tsargiya kuwa ba daga cin kifi take ba, daga shiga ruwan magudanai ne mai dodon koɗi. Yaranmu masu wanka a can su ne abin tausayi.

Hauwa: Yaya Usman, a mako mai zuwa ka zo mana da ma'aunin gishirin.

Usman: In Allah ya yarda.