Lacca: Buɗe Kamfani a Ƙasar Waje Don Sayen Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhazai da Hajiyoyi, iyayena da 'yan'uwana 'yan kasuwa, barkanmu da warhaka. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Maganar da aka ce in yi yau ta shafi da yawa daga cikinmu. Mutum ya tara ɗan abin da Allah ya hore masa, ya ga naira kullum ƙasa take yi, sai ya ce bari ya sayi gida a waje ya adana dukiyarsa. Yana zuwa dillali ya tare shi: "Alhaji, ai kamfani za ka buɗe, da sunan kamfani manya suke saye." Shi kuma ya miƙa fasfo, ya sa hannu. To kafin a kai ga sa hannun nan, akwai tambayar da ya kamata ka fara yi: dokar ƙasar nan ta hana baƙo mallakar gida da sunansa, ko ba ta hana ba?

Mu fara da inda ba a hana ba. A Ingila kowa yana iya sayen gida da sunansa, ko daga Kano ya zo ko daga Maraɗi. A da, masu kuɗi kan bi ta kamfanonin da aka yi wa rajista a tsibirai masu sauƙin haraji don su ɓoye sunansu, su kuma kauce wa haraji. Gwamnatin ƙasar ta bi ƙofofin nan ta rufe su. Idan kamfani ya sayi gidan zama da ya haura fam 500,000, harajin saye kashi 17 cikin 100 ne tun ƙarshen Oktoban 2024. Kafin nan kashi 15 ne. Ku lissafa da ni: gidan fam 600,000, harajinsa fam 102,000 ke nan, ba a ma ba ka makulli ba. Sannan tun 2013 akwai wani harajin shekara-shekara a kan gidajen da ke hannun kamfanoni. Ana sassauta maka waɗannan idan haya kake bayarwa da gaske. Amma ran da ka ce ɗanka da ke karatu a can ya shiga ya zauna, sassaucin ya tafi, tunda shi naka ne.

Ɓoye suna kuma ya ƙare. Bayan tonon sililin takardun Panama a 2016 da na Pandora a 2021, waɗanda suka fallasa masu ɓoye dukiya a kamfanonin waje, da kuma yaƙin Rasha da Yukren, Birtaniya ta buɗe rajista ranar 1 ga Agustan 2022. Duk kamfanin waje mai gida ko fili a can dole ya bayyana ainihin masu shi, in ba haka ba ba zai iya sayarwa ba. Harajin gado ma tun Afrilun 2017 yana bin gidan ko da an lulluɓe shi da kamfanin waje, kuma kashi 40 ne a kan abin da ya haura fam 325,000. Ka ga mai buɗe kamfani don gidan da iyalinsa za su zauna a Landan, kallon kitse yake yi wa rogo.

Dubai ba sai na daɗe a kanta ba. Tun 2002 baƙo yana saye da sunansa a unguwannin da aka ware, ya biya kashi 4 na kuɗin gidan a hukumar filaye. Gidan da ya kai dirhami miliyan 2 yana iya sama maka izinin zama na shekara 10. Kamfani kuwa kowace shekara sai an sabunta rajistarsa da kuɗi, ko gidan ya kawo haya ko bai kawo ba.

Yanzu mu zo inda aka hana, don a nan ne ake yin kuka. Ku ɗauki Ghana, inda yawancinmu muke da dangi a zangon Kumasi ko Nima a Akara. Tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya ce baƙo ba ya mallakar ƙasa har abada, iyakarsa jinginar shekara 50 a lokaci guda. Sai mutane suka ce, to a buɗe kamfanin Ghana a saya da shi. Dokar filaye ta 2020 ta toshe wannan: idan hannun jarin baƙi a kamfani ya wuce kashi 40, kamfanin ma baƙo ne a idon doka.

To me ake yi? Sai Alhaji ya kira ɗan ƙanin mahaifiyarsa, haifaffen Kumasi, ya ce, "Zan sa sunanka a kashi 60, amma ka sani nawa ne." Shi kuwa ya ce, "Haba Yaya, ai ba komai." Kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, ban ce macuci ba ne. Amma rai na Allah ne. Ran da ya rasu, magadansa za su buɗe jaka su ga takarda mai hatimi ta ce mahaifinsu ne mai kashi 60. Alhajin da ya biya kowane kwabo, me zai nuna? In ya fito da wata takarda da suka rubuta a ɗaki su biyu, ya kai wa alƙali shaidar cewa da gangan ya kewaye dokar ƙasar. Ga asarar dukiya, ga zumunci ya lalace. Ni dai a ganina jinginar shekara 50 da sunanka ta fi mallakar da ke hannun wani. Mu ma nan gida, tun dokar filaye ta 1978, ƙasa a hannun gwamna take, takardar mallakar fili da muke alfahari da ita yawanci ta shekara 99 ce.

Tailan ta fi tsanani, kuma na san akwai masu zuwa Bankok saro kaya a cikinku. Baƙo ba ya mallakar fili a can. Kamfani kuma sai 'yan ƙasa sun riƙe aƙalla kashi 51 kafin ya iya saye. Shi ya sa wasu ofisoshi ke kawo sunan direba ko magatakarda a cike gurbin. Dokar kasuwancin baƙi ta 1999 ta mai da wannan laifi, hukuncinsa yana kai ɗaurin shekara 3, ga wanda ya ari sunan da wanda ya ba da aron. Alhali akwai halastacciyar hanya: baƙo yana iya sayen ɗaki a dogon bene da sunansa, muddin rabon baƙi a ginin bai wuce kashi 49 ba.

Kar a ce na ce kamfani ba shi da amfani. Idan ku huɗu ne ko biyar kuka haɗa jari za ku sayi gidajen haya, kamfani ne zai nuna rabon kowa a rubuce, kuma wanda ya so fita ya sayar da hannun jarinsa ba tare da an taɓa gidan ba. Sharaɗina biyu ne. Lauyan da zai duba maka takardu ya zama kai ka nemo shi, kai kake biyansa, ba wanda dillali ya kawo ba. Sannan iyalinka su san sunan kamfanin, da ƙasar da aka yi masa rajista, da inda takardun suke. Kamfanin da aka daina biya wa kuɗin sabuntawa ana soke shi, marayu kuwa ba za su nemi abin da ba su san da shi ba.

Na ga hannu a can gefe. Malam, bismillah.

Yana tambaya ne ko ma'aikacin gwamnati zai iya bin wannan hanya. Malam, tsarin mulkin Najeriya ya wajabta maka bayyana kadarorinka ga hukumar ɗa'ar ma'aikata, na gida da na waje, kuma hannun jari a kamfani kadara ce. Manyan masu riƙe da muƙamai ma an hana su riƙe asusun banki a ƙasar waje. Idan ka same ni bayan an tashi, sai mu duba matakin aikinka. Akwai wata tambayar daga ɓangaren Hajiyoyi?