Kifi ɗan tsito da ya sa aka rushe tanki guda

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Yaya mun taki sa'a, Kawu ya zo hutu daga Jidda. Kawu ina wuni, ya gajiyar hanya?

Kawu: Lafiya lau Auta, gajiya ta bi lafiya. Allah ya yi muku albarka.

Yaya: Amin Kawu. Ga wanda bai sani ba, sana'ar Kawu kula da tankunan gilashi na kifin ruwan gishiri, a gidajen mutane da ofisoshi. Kawu, me ya fi ba ku wahala a wannan aiki?

Kawu: Kamun kifi. Kar ku yi dariya, da gaske nake. Mutum yana ganin kifi a gabansa cikin gilashi, tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba, sai ya ɗauka sa raga kawai zai yi ya ɗebo. To tankin ruwan gishiri cike yake da duwatsun murjani masu ramuka, kuma kifin ya san kowane rami.

Auta: Ba mu labarin ɗan shuɗin nan da ka fara mana jiya.

Kawu: Damsal ke nan. Bai fi babban yatsa ba, ga arha, ga kyau, shi ya sa sabon shiga yake fara saye. Amma fitinanne ne, duk kifin da aka kawo bayansa sai ya hana shi sakat. Wani maigida da nake yi wa aiki ya gaji, ya ce da 'ya'yansa su fitar da shi. Suka sa raga, ya shige dutse. Suka ɗaga dutsen, suka ɗauka ya koma na gaba. Haka suka dinga fitar da duwatsu ɗaya bayan ɗaya suna zubawa a bokitai, har falo ya cika, kafet ya jiƙe sharkaf, uwargida tana tsaye bakin ƙofa tana salati. Aka kwashe dutse tas, tanki ya zama fayau, kowane kifi ana ganinsa, ban da shi.

Yaya: Ya ɓace?

Kawu: Suka duba bayan tanki, suka duba ƙarƙashin kujera, har kyanwar gidan aka fara yi wa kallon zargi. Da suka haƙura suka mayar da duwatsu, ruwa ya lafa, sai ga shi ya leƙo daga wani rami. Ashe tun dutsen farko yana ciki, tare aka kai su bokiti, tare aka dawo da su.

Auta: Wayyo cikina! To da ka zo ya ka yi?

Kawu: Gorar ruwa ta roba na yanke wuyanta, na juya shi ciki, na sa ɗan jatan lande, na ajiye a ƙasan tanki. Na ce kar a ba kifayen abinci ranar. Yunwa ce ta shigar da shi, ba wanda ya bi shi da gudu.

Yaya: Ni abin da ban gane ba, me ya sa kake ƙin raga? Masunta ai da ita suke ci.

Kawu: Masunci ba ruwansa ko kifi ya ji rauni, tukunya za shi. Mu kuwa da ransa da lafiyarsa muke so. Akwai dangin kifin da ake kira tang, irin su sohal na Bahar Maliya, mai zane-zane a jiki. A gindin wutsiyarsa, kowane gefe, akwai wata ƙaya mai kaifin aska da yake miƙewa in ya tsorata. In ta sarƙe a raga, kar ka ja. Almakashi za ka ɗauko ka yanke ragar, ka yi asararta. Na ga wani yaron shago ya kai hannu zai warware, kifi ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, sai da aka naɗe masa yatsa. Tun daga ranar yake gaishe da sohal daga nesa.

Auta: Da me ake kamawa ke nan?

Kawu: Da roba fara mai garai-garai, wadda kifi ba ya gani sosai a ruwa. Ka rage ruwan tanki, ka kora shi a hankali zuwa kusurwa, ka ɗebo shi da ruwansa. Wasu kuma da dare ake bin su, bayan an kashe fitila sun yi barci, da tocila mai jan haske.

Yaya: Wanne ne ya fi taurin kai?

Kawu: Tiriga. Kun san yadda kurungu yake ƙame ƙayoyinsa ya ƙi lanƙwasuwa? To shi ma haka. Yana shiga rami sai ya miƙe ƙayar bayansa ta farko, ta biyu ta tokare ta, shi ke nan ya kulle kansa. Ko za ka kwana ja ba zai fito ba, sai dai ka ji masa ciwo. In ana tashi daga gida, dutsen gaba ɗaya muke ɗauka mu sa a bokitin ruwa da shi a ciki. Kuma yana cizo, haƙoran da yake fasa ƙwanson dodon koɗi da su ne.

Auta: Ni dai ɗan ruwan lemon nan mai fararen ɗamara nake so, wanda yara ke gani a katun. Shi ai salihi ne.

Kawu: Salihi? Sa hannu kusa da inda ya yi ƙwai ki gani. Macen ce ma ta fi faɗa, ita ce babba. Dukkansu a maza suke farawa, wanda ya fi ƙarfi a cikinsu shi yake rikiɗa ya zama mace. Cizon ba wani zafi, firgita ce, amma na ga ƙato ya zabura ya buge fitilar tanki saboda kifin da bai kai tafin hannun jariri ba.

Yaya: Akwai wanda ka ce ya tashi daga matattu.

Kawu: Wani dangin kifi ne wannan, ana kiransu ras. Wasu daga cikinsu in sun tsorata, ko dare ya yi, cikin yashi suke nutsewa. Mutanen wani gida suna ƙaura, suka ƙirga kifi, ɗaya babu. Yarinyar gidan har da kuka. Aka kwashe yashi a bokiti da ɗan ruwa a kai, aka kai sabon gida, ana juyewa sai ga shi ya yi fit ya fito. Shi ya sa nake bin yashi da yatsu a hankali kafin a kwashe. Kuma su ne gwanayen tsalle, bokiti ba murfi sai ka tsince su a kan tayil.

Auta: Ashe murfi ba ado ba ne.

Kawu: Ina! A 2016, a babban gidan kifi na ƙasar Niyu Zilan da ke garin Napier, wani oktofas, halittar nan mai hannu takwas, da suke kira Inky, ya samu 'yar kafa a murfin tankinsa. Cikin dare ya fito, ya ratsa daɓe, ya shige bututun magudana mai tsawon kusan mita 50 da ya zarce teku. Da safe sai sawunsa aka gani. Ba shi da ƙashi, duk inda bakinsa ya wuce, jikinsa zai wuce.

Yaya: Amma akwai waɗanda ba abin dariya ba ne, ko?

Kawu: Akwai, kuma ina so a ji wannan da kyau. Kifin zaki, mai dogayen ƙayoyi a baje, dafi ne da shi. In ya soke ka, sa wurin a ruwan zafi da fata za ta iya jurewa, wajen digiri 40 zuwa 45, na rabin awa ko fiye, sannan ka nufi asibiti. Sai ɗan'uwan talibambam na teku. Mutane suna son su ga ya kumbura su ɗauki hoto, ni kuwa abin yana ɓata min rai. In aka ɗaga shi sama ya haɗiyi iska maimakon ruwa, wani lokaci ba ya iya fitar da ita, sai ya yi ta yawo a saman ruwa har ya mutu. Kar a raba shi da ruwa ko na daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma mai siffar akwati, wanda in ya firgita yake fitar da guba daga fatarsa, ta kashe na kusa da shi. Shi kaɗai ake ba shi bokiti.

Auta: To an kama, an iso sabon gida lafiya. Sai a juye kawai?

Kawu: A'a Auta. Ruwan teku gishirinsa wajen giram 35 ne a kowace lita, na Bahar Maliya ma ya kai 40, zafin tanki kuma tsakanin digiri 24 zuwa 27. In ruwan bokiti da na tanki sun bambanta, sai a sa siririn tiyo yana ɗigo da ruwan tanki cikin bokitin kaɗan-kaɗan har su daidaita. Amma kifin da ya daɗe a ɗaure cikin leda, irin wanda ake kawowa ta jirgi daga Indonesiya ko Filifin, ba a jan lokaci da shi. Kana buɗe ledar iska ta shiga, amoniya, wato dattin da jikinsa ke fitarwa da ya taru a ruwan, sai ta ƙara dafi, ta ƙona masa gaɓoɓin numfashi. Shi ana daidaita masa ruwa tun kafin a kwance ledar, a fitar da shi da wuri.

Yaya: Kuma a kashe fitila?

Kawu: A kashe, har washegari. Tsofaffin 'yan gida ba sa ganin baƙo sosai balle su far masa, shi kuma ya samu ramin kwana.

Auta: Kawu mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Masu sauraro, lokaci ya ƙure mana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.