Lacca a Yamai: gajeruwar hanyar hawan dutse mai ƙusoshi

Jama'a, assalamu alaikum. Hanyar da za mu yi magana a kai ba ta wuce mita 12 zuwa 15 ba, dutsen ya rinjayo kan mai hawa, an kafa masa ƙusoshi biyar ko shida. Kada gajartarta ta ruɗe ku. Action Directe da ke Frankenjura a Jamus kamar mita 15 ce, amma da Wolfgang Güllich ya hau ta a 1991 ta zama ma'aunin matakin wahala na 9a, ɗaya daga cikin mafi tsanani a hawan dutse.

Haɗarin gajeruwar hanya shi ne ƙasa na kusa. Ku riƙe lissafin nan. A ce ƙusar farko tana mita 3, ta biyu mita 4 da rabi. Mai hawa ya tsaya ƙugunsa a mita 3 da rabi, ya jawo igiya sama da kansa zai saƙala ta a ƙugiyar da ke rataye a ƙusa ta biyu. Igiyar da ta fita daga ƙusar farko zuwa hannunsa, ta komo ƙugunsa, mita 2 da rabi ke nan. In hannu ya suɓuce, ƙugunsa zai sauko rabin mita daga ƙasa tun igiya ba ta miƙe ba, ita kuwa ta hawa tana miƙewa. Ya bugi ƙasa. Da ya ƙara hawa har ƙusar ta zo daidai ƙugunsa, mita ɗaya da rabi kawai zai saki. Shi ya sa nake nacewa: a saƙala daga ƙugu zuwa ƙirji.

Wajen saƙalawa, igiya ta shiga ƙugiya daga ɓangaren dutse, ta fito wajen mai hawa. In an juya, faɗuwa na iya danne bakin ƙugiyar igiya ta kuɓuce.

Kai mai riƙon igiya, tsaya dab da dutse, ɗan gefe da ƙusar farko, da hular kwano, hannun birki, wato wanda ke tsayar da igiya, kuma ba ya sakin ta ko da Grigri, na'urar riƙon igiya mai taimaka wa birki, kake aiki. Ku duba wa juna ɗaurin takwas, wato ƙullin da ke ɗaure igiya a ƙugun mai hawa, a ƙulle ƙarshen igiya.

Wani ɗan Tawa ya yi tambaya kan ƙusoshi. Mizanin Turai, EN 959, yana son ƙusa ta jure kilonewton 25 (kamar nauyin tan biyu da rabi) in an ja ta ƙasa, amma dutsen da ke riƙe da ita fa? Mai taushi, irin farar ƙasar Adar, ƙusar manne doguwa ake sa masa, a goge ramin a hure ƙurar sarai kafin a zuba gam. Marmara mai marmashewa kuwa kada a kafa mata komai.