A Ina Mai Zanen Yake Tsaye? Lacca Kan Ƙyalƙyalin Birni a Fasahar Zamani

Assalamu alaikum. Malamai, 'yan'uwa maza da mata, sannunku da zuwa. Na can baya, in murya ba ta iso ba, a ɗaga hannu.

Batunmu na yau shi ne yadda masu zane da masu ɗaukar hoto na wannan zamani ke nuna babban birni, da abin da ya sa birnin cikin hoto yakan fi wanda ake takawa da ƙafa shiga rai. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 1950 kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen duniya ne ke zaune a birane. Wajen 2007 aka haura rabi, hasashen da ta fitar a 2018 kuma ya ce za a kai kashi 68 nan da 2050. Wato ɗimbin mazauna birni zuwa suka yi, ko iyayensu suka zo da su. Kowane baƙo kuwa da birninsa yake isowa, wanda ya gina a zuci tun bai ga na gaske ba. Wannan birnin na zuci shi masu fasaha ke ta juyawa.

Duk hoton da zan sa a allo, ku yi masa tambaya guda: a ina mai aikin yake tsaye?

Mu ɗan waiwaya baya kaɗan. Tsakanin 1853 da 1870, Haussmann, jami'in da aka ɗora wa sake fasalin Paris, ya rushe tsoffin unguwannin birnin masu lunguna, ya shimfiɗa manyan tituna. A 1897 Camille Pissarro ya kama ɗaki a otel, ya yi ta zana titin Montmartre ta taga: da safe, da rana, cikin ruwan sama, da dare. Ku dubi na daren. Hasken fitilu ya narke a jiƙaƙƙen titi, mutane sun koma ɗige-ɗige. Kyau kam akwai shi. Amma daga bene aka hango, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Talakawan da aka tasa domin a yi irin waɗannan tituna ba sa cikin zanen.

Na biyu kun san shi ko da ba ku san sunansa ba, domin an buga shi a kalanda da riguna har ya gaji. Zanen Edward Hopper na Amurka ne na 1942, mai suna Nighthawks, yana ajiye a Chicago yanzu. Mutum uku zaune a gidan shan kofi da tsakar dare, ga mai yi musu hidima, kowa da abin da ya dame shi. Mu masu kallo muna waje, gilashi ya raba mu da su, kuma ko ka duba ba za ka ga ƙofar shiga daga titi ba. Hopper ya ɗauki kaɗaici ya yi masa kwalliya har mutum ya ji yana marmarinsa. Har gobe masu ɗaukar hoton tagar mota da ɗigon ruwa a jiki daga rijiyarsa suke sha, sun sani ko ba su sani ba.

To, me na zamaninmu suka yi da wannan gadon?

Michael Wolf, Bajamushe ne da ya daɗe a Hong Kong, ya rasu a 2019. Ya ɗauki hotunan dogayen benayen birnin, sai ya yanke sama ya yanke ƙasa, ya bar tagogi zalla, ɗaruruwa a jere. Kallon farko sai ka ɗauka zanen atamfa ne. Sai ka matso, ka ga shanya a wata taga, ka tuna kowace taga iyali ne. Daga baya ya je Tokyo ya tsaya a bakin tashar jirgin ƙasa da safe, yana ɗaukar fuskokin ma'aikata da cunkoso ya manna a gilashin ƙofa, gumi na tsiyaya, wasu sun rufe ido. Gilashin Hopper ne dai, sai dai yanzu tazarar ba ta kai taku biyu ba, kuma na ciki ba shi da wurin gudu daga kyamara. Ni wannan aiki yana damuna, don ba a nemi yardar mutanen ba. Amma ban taɓa iya kawar da kai daga gare shi ba.

Cao Fei, 'yar birnin Guangzhou ta ƙasar Sin, ta bi wata hanyar. A 2006 ta shiga wata masana'antar ƙwan fitila a Foshan, inda galibin ma'aikata matasa ne da suka baro garuruwansu. Ta tambaye su burinsu, sannan ta ɗauke su a bidiyo suna aikata shi a tsakanin injuna: wannan tana rawa da fararen kaya, wancan yana kaɗa jita. Hasken da ke jan mutane zuwa birni, ga masu ƙera shi nan.

Wanda nake so mu daɗe a kansa shi ne Bodys Isek Kingelez na Kwango. An haife shi a 1948 a ƙauyen Kimbembele Ihunga, ya koma Kinshasa a 1970, ya rasu a 2015. Ya yi aikin gyaran kayan tarihi a gidan tarihin ƙasar, daga nan ya shiga gina birane a kan tebur. Da me? Da kwali, da takarda mai launi, da gwangwanin lemo, da murafun kwalba, wato da sharar birnin da yake ciki. A 1994 ya gina ƙauyensu, amma ba yadda ya baro shi ba: ya ba shi benaye masu taɓa sama, da manyan tituna, da filin wasa, da tashar jirgin ƙasa. A 1996 ya yi wani mai suna Ville Fantôme, birnin da a tunaninsa ba ya bukatar ɗan sanda ko likita. A 2018 gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke New York ya yi baje kolin ayyukansa.

Wasu na ganin aikin nan wasan yara ne. Ban yarda ba. Mutumin da ke kwana yana tashi a birnin da wuta da ruwa ba su da tabbas, ya zauna ya ƙera wanda aka yi masa alkawari, wannan ƙara ya shigar. Sai dai ku duba allo da kyau. Ina mutane? Babu ko ɗaya. Kingelez daga sama yake kallo, kamar tsuntsu, kuma birninsa ya yi tsaf ne saboda ba wanda ya tare a ciki tukuna. A nan ya yi kama da hotunan kwamfuta da kamfanonin gine-gine ke liƙawa a shingen fili: ciyawa shar, sama garau, mutum biyu na tafe da kofi a hannu. Bambancinsu shi ne su sayarwa suke yi, shi kuwa tambaya yake: ina wanda aka ce za a ba mu?

Kada wani ya fita daga nan yana cewa na ce sha'awar birni ƙarya ce. Malick Sidibé na Mali shaida ne. Bayan samun 'yancin kai a 1960, matasan Bamako suka shiga shirya liyafar rawa, shi kuma yana bin su dare-dare da kyamara, ya wanke hotuna, su zo su zaɓa su saya. Shi ba a taga yake ba, yana tsakiyar fili. Ga hotonsa na 1963 mai suna Daren Kirsimeti: saurayi da kwat, budurwa ba takalmi, goshinsu ya kusa haɗuwa, suna kallon ƙafafunsu. Kowa masoya yake zato, ashe wa da ƙanwa ne. Abin da ke fuskarsu daɗin samun sarari ne, irin wanda birni ke ba matashi ya gwada zama wani sabon mutum. Wannan daɗin gaskiya ne, kuma na ciki ne kaɗai ke iya kama shi. A 2007 aka ba Sidibé lambar Zakin Zinare a baje kolin Venice saboda aikin rayuwarsa.

Na ƙarshe ba shi da hoto ma. Emeka Ogboh, haifaffen Enugu a 1977, sautin Legas yake naɗa: yaran mota na kiran tasha, hon na danfo, masu talla, janareto. Sai ya kai biranen Turai ya kunna a lasifika, a ɗakin baje koli ko a bakin titi. Mukan ce gani ya kori ji, shi kuwa da ji ya kori gani. Ido kan tsaya nesa ya zaɓi abin da yake so, kunne kuwa ba shi da taga, duk abin da ya taso sai ya shige shi. Shi ya sa mutum biyu za su tsaya gaban lasifika ɗaya, Bature ya ji hayaniya, ɗan Legas da ya daɗe a waje ya ji gida har ƙwalla ta taru masa.

Mai kula da na'ura, don Allah a kashe allon. Za mu saurari minti biyu daga irin wannan sautin, sannan mu shiga tambayoyi. Mai tambaya ya zo gaba ya karɓi makirufo, saboda ana naɗa.