Sharhi: A duba shekarun ɗan wasa kafin a ba shi kwantiragin shekara goma

Assalamu alaikum masu sauraro. Yau sharhin namu zai ƙetara Amurka ne, fagen wasan besbol, kuma wallahi da ɓacin rai na zauna rubuta shi. Kakar 2025 ta zo ta wuce, Anthony Rendon na ƙungiyar Los Angeles Angels bai buga ko wasa ɗaya ba, an yi masa aiki a ƙugu, amma albashinsa na dala miliyan 38 ya shiga aljihunsa cif, ko sisi ba a rage ba. A watan Disamba na 2019 Angels ta ba shi kwantiragin shekara 7 kan dala miliyan 245 yana da shekara 29, kuma daga 2020 zuwa ƙarshen 2025 ƙungiyar ta buga wasa 870, shi ya fito a 257. Ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. Duk da haka har yanzu in ka buɗe baki ka ce wannan ciniki ɓarnar kuɗi ne sai wani ya taso maka, wai ai babbar ƙungiya dole ta sayi babban suna. Haba jama'a!

Bari in yi wa wanda bai saba da wasan ba bayani a taƙaice, don nan ne tushen matsalar. A babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, ɗan wasa ba ya da ikon zaɓar inda zai je sai ya cika shekara 6 yana buga wa ƙungiyarsa. Shekara uku na farko kusan mafi ƙarancin albashi ake ba shi, wanda a 2025 dala dubu 760 ne, sauran ukun kuma in an kasa daidaitawa mai shiga tsakani ne ke yanke albashin. To yawancin yaran nan sai sun kai 23 ko 24 suke shigowa babbar gasar, ka ƙara 6 a kai, ka ga ranar da mutum zai samu 'yancin shiga kasuwa ya riga ya doshi talatin. Sannan kwantiragin besbol in an sa hannu an gama, ko ya ji ciwo, ko ƙarfinsa ya tafi, ko an sallame shi, sai an biya shi kuɗinsa kaf. Ke nan shekarun da jikin mutum ke kan ganiyarsa ya ƙarar da su a ƙungiyar farko kan kuɗi kaɗan, sai ƙungiya ta biyu ta zo ta zuba dukiya a kan ragowar. Wani ya sha romo, wani ya biya kuɗin nama.

Ku ɗauki Albert Pujols, don babu misalin da ya fi shi fitowa fili. Shekara 11 ya yi a St. Louis Cardinals, ya zama gwarzon ɗan wasa sau uku, 2005 da 2008 da 2009, ya ci kofin World Series, wato kofin zakarun gasar, sau biyu, 2006 da 2011, ya buga ƙwallon da ta tsallake katangar fili, wato bugun da ya fi kowane daraja, sau 445, kuma a duk zuwa ɗari da zai yi gaban mai jifa, wato wanda ke jefo masa ƙwallo ya buga, yana samun bugu mai kyau kusan 33, wanda a wannan wasan abin mamaki ne. A shekararsa ta farko, 2001, dala dubu 200 aka biya shi. Sai ga Disambar 2011, yana dab da cika 32, Angels ta ba shi shekara 10 kan dala miliyan 240. Me ta samu? Bugun nan na 33 cikin ɗari ya sauko kusan 26, ƙafafu suka fara ba shi matsala, gudu ya gagara, a duk zamansa sau ɗaya tak ƙungiyar ta shiga zagayen fitar da gwani, a 2014, kuma Kansas City Royals ta kore ta ba ta ci ko wasa ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda aka tsara biyan: miliyan 12 a shekarar farko lokacin da yake da sauran ƙarfi, yana hawa yana hawa har miliyan 30 a shekarar ƙarshe, kuma a wannan shekarar ce, watan Mayun 2021, suka sallame shi. Wato lokacin da ya fi tsada shi ne lokacin da ba sa ma son ganinsa a fili. Pujols bai yaudari kowa ba, shekarunsa a rubuce suke, duk wanda ya iya lissafi ya san kwantiragin zai kai shi 41.

A duba shekaru, shi ne kawai abin da nake ta faɗa. Ko a kasuwar kara mai sayen doki sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora kafin ya taya, ba ya tsayawa kan labarin sukuwar da dokin ya yi a sallar bara waccan.

Kuma ba Angels kaɗai ba ce. Detroit Tigers ta ƙara wa Miguel Cabrera shekara 8 kan dala miliyan 248 a watan Maris na 2014, alhali akwai sauran shekara biyu a tsohon kwantiraginsa, babu wanda ya matsa musu, babu wata ƙungiya da ke ƙoƙarin ƙwace shi a lokacin. Sabon ya fara aiki ne yana da 33, ya yi kaka ɗaya mai kyau a 2016, daga nan ciwo ya shigo, aka ci gaba da biya har ya yi ritaya a 2023 yana da 40. Baltimore Orioles ta ba Chris Davis shekara 7 kan miliyan 161 a farkon 2016 yana shirin cika 30, zuwa 2018 bugunsa ya koma 17 cikin ɗari, daga ƙarshen wannan kakar zuwa farkon 2019 ya je gaban mai jifa sau 54 a jere bai samu bugu mai kyau ko ɗaya ba, ya ajiye wasa a 2021, kuma saboda an jinkirta wani ɓangare na kuɗin Orioles za ta ci gaba da biyansa har 2037. Na Stephen Strasburg kuwa tausayi ma yake ba ni. Shi ne gwarzon World Series na 2019, Washington Nationals cikin murnar kofi ta ba shi shekara 7 kan miliyan 245 yana da 31, mai jifa ne da kowa ya san tarihin ciwon hannunsa tun yana yaro, bayan sa hannun wasa 8 kacal ya sake fitowa, ciwon jijiya ya gama da shi, ya yi ritaya a 2024. Wasa takwas, jama'a, kan dala miliyan 245.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, amma masu ƙungiyoyin nan kamar ba sa gani. A Disambar 2022, duk waɗannan misalai suna gabansu, San Diego Padres ta ba Xander Bogaerts shekara 11 kan miliyan 280 yana da 30, Philadelphia Phillies ta ba Trea Turner shekara 11 kan miliyan 300 yana da 29, shi da babban makaminsa gudu ne. Wa ya taɓa ganin ɗan shekara 40 yana gudun ɗan 29?

Na san amsar da za a ba ni, na sha jinta. Za a ce ai su ma sun san shekarun ƙarshen asara ce, suna miƙa kwantiragin ne don kuɗin kowace shekara ya ragu. Gaskiya ne akwai wannan dabarar. A besbol babu iyakar albashi, sai dai haraji da ake ɗora wa ƙungiyar da jimillar albashinta ta wuce wani mataki, dala miliyan 241 a 2025, kuma ana lissafin ne da matsakaicin abin da kwantiragi ke ci a shekara, don haka miliyan 300 a shekara 11 ya fi sauƙi a takarda kan miliyan 300 a shekara 8. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san irin wannan, Chelsea ta yi ta da kwantiragin shekara takwas da rabi a Janairun 2023 har sai da UEFA ta toshe ƙofar. To amma dabarar akanta ba ta gyara gwiwa. Mutumin nan yana nan a cikin jerin 'yan wasa, yana riƙe da gurbi, koci ba ya iya ajiye mai karɓar miliyan 30 a benci ba tare da an yi surutu ba, yaro mai tasowa yana can ƙaramar gasa yana jira, babu ƙungiyar da za ta karɓi tsohon sai ka haɗa mata da kuɗi, wani lokacin ma a kwantiragin an rubuta ba za a mayar da shi ko'ina ba sai da yardarsa. An rage haraji a takarda, an ɗaure ƙungiya shekara huɗu ko biyar a fili.

Wasu kuma za su ce to ina ruwanka, kuɗin attajirai ne. Da ruwana, don ba attajirin ke shan wahalar ba. Magoya bayan Angels ne suka sayi tikiti shekara da shekaru suna kallon ƙungiyar da ke da Mike Trout da Shohei Ohtani a lokaci guda, biyu daga cikin mafiya iya wasa a zamaninsu, amma daga 2018 zuwa 2023 da suka yi tare ko kaka ɗaya ba ta ci wasanni fiye da waɗanda ta faɗi ba. Kuɗin da ya kamata a nemo masu jifa da shi yana kwance a kan Pujols, daga baya a kan Rendon, tsakaninsu kuma akwai miliyan 125 da aka ba Josh Hamilton. Ohtani ya gaji ya tattara ya koma Los Angeles Dodgers.

Shi Ohtanin ne ake ɗaga mini kullum: shekara 10, dala miliyan 700, ga kofi a 2024 ga wani a 2025. Ohtani mutum ɗaya ne a duniya, yana jifa yana bugu, kamfanonin Japan na bin sa da talla, kuma shi da kansa ya yarda a ba shi miliyan 2 kawai a shekara, a ajiye miliyan 680 sai daga 2034. Wanda zai kafa hujja da shi ya fara nemo mana na biyunsa tukuna. Bryce Harper da Mookie Betts ma ana kawo su, kuma na yarda cinikinsu ya yi kyau, amma ku duba da kyau, Harper yana da 26 Phillies ta ba shi shekara 13 kan miliyan 330, Betts yana da 27 Dodgers ta ba shi shekara 12 kan miliyan 365. Maganata suke ƙarfafawa, an sayi shekarun ƙarfinsu ne tare da na tsufan. Haka Juan Soto, miliyan 765 a shekara 15 da New York Mets ta ba shi a Disambar 2024 kuɗi ne mai firgitarwa, amma yana da 26, don haka ban sa shi a sahun Pujols ba, ko da yake a 2039 lokacin da ya kai 40 za a sake wannan zancen.

Inda nake ɗan jinjinawa guda biyu ne, ba zan ɓoye ba. Max Scherzer yana da 30 Nationals ta ba shi shekara 7 kan miliyan 210 a 2015, ya zama gwarzon masu jifa sau biyu, ya kawo musu kofi a 2019, wannan kam ya biya kuɗinsa. Aaron Judge ma yana da 30 New York Yankees ta ba shi shekara 9 kan miliyan 360, kuma ga shi yana ta ɓarin wuta, sai dai kwantiragin nasa sai 2031 zai ƙare, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A ɗaya gefen kuma Trout yana da 27 aka ba shi miliyan 426 da rabi, ciwo bai ƙyale shi ba, wasa 36 a 2021, wasa 29 a 2024. Ke nan ƙuruciya ma ba inshora ba ce. Amma in matashi ma zai iya karyewa haka, ina ga wanda ya haura talatin? Scherzer ɗaya ba zai wanke Strasburg da Davis da Cabrera da Rendon da Pujols ba.

Kada wani ya ɗauka 'yan wasan nake zargi, sam. In ni ne Rendon ko Pujols, aka miƙo mini takardar nan, zan sa hannu kafin su canza shawara. Judge ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 52 a 2017 kan albashin da bai kai dala dubu 600 ba, wa zai ce masa kada ya rama in lokacinsa ya zo? An danne su suna da ƙarfi, dole su nemi fansa a lokacin da ƙarfin ya fara tafiya. Masu ƙungiyoyin ne suka riƙe tsarin shekara 6 ɗin nan da hannu bibbiyu, su ne kuma ke zuwa kasuwa su yi cinikin biri a sama, sannan su dawo suna kuka wai albashi ya yi yawa. Atlanta Braves ta nuna akwai wata hanya, a 2019 ta ba Ronald Acuña shekara 8 kan miliyan 100 yana da 21, a 2023 ya zama gwarzon ɗan wasa yana cikin wannan kwantiragin, ko da yake shi ma da yawa na ganin an saye shi da araha.

Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disamba 2026, kuma tuni ake ta maganar wasu masu kulob na son a sa iyakar albashi, abin da 'yan wasa suka daɗe suna ƙi, har ya jawo yajin aikin 1994 da ya sa ba a buga World Series ba a shekarar. Ni dai in za a zauna a teburin, abin da nake so a taɓa shi ne shekara 6 ɗin nan, a rage ta, yaro ya shiga kasuwa yana 26 ko 27, a biya shi da kyau a lokacin da ƙafarsa da kafaɗarsa ke aiki. Kafin nan, duk mai ƙungiyar da wakilin ɗan shekara 31 ya zo masa da maganar shekara goma, ya ba shi huɗu ko biyar da kuɗi mai tsoka, in ya ƙi ya bar shi ya tafi, kamar yadda St. Louis ta rasa Pujols a 2011 kuma ta koma World Series a 2013 ba tare da shi ba.