Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan sanda a garin da masana'anta ta rufe

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko daga wani malamin makaranta ce a Kaduna. Yana cewa duk labaran 'yan sandan Amurka da ya sani a manyan birane suke, shin babu mai rubutu a kan 'yan sandan ƙananan garuruwan leburori?

Akwai su, Malam, kuma wanda ya fi burge ni shi ne K.C. Constantine. Sunan alƙalami ne; ainihin sunansa Carl Kosak, ya shafe shekara da shekaru yana ɓoye kansa, ya rasu a 2023. A 1972 ya fitar da The Rocksburg Railroad Murders, inda ya ƙirƙiro garin Rocksburg a yammacin jihar Fensilbeniya, ƙasar kwal da narkar da ƙarfe. Jarumin shi ne Mario Balzic, shugaban 'yan sandan garin.

Kada ka sa ran tseren motoci. Balzic ko bindiga ba ya son ɗauka. Aikinsa hira ne: ya zauna a mashayar unguwa, ya shiga gidan wanda ake zargi, ya saurari uwa tana kare ɗanta. Balzic ya san uban wanda zai kama ɗin, ya san ranar da aka sallami uban daga aiki. Ni a ganina nan ne daɗin littattafan yake, domin sau da yawa mai karatu kan gane mai laifin da wuri, abin da ke riƙe shi shi ne yadda talauci ya kai mutum can.

Rufe masana'antu da talaucin nan ba ƙage ba ne kuwa. Ranar 19 ga Satumba, 1977, kamfanin ƙarfe na Youngstown a jihar Ohayo ya sanar da rufe babbar masana'antarsa, ma'aikata kusan 5,000 suka rasa abin yi. A 1986 masana'antar ƙarfe ta Homestead, kusa da birnin Pittsburgh a Fensilbeniya, ita ma ta bi sahu. Kai da ke Kaduna, ka ga yadda Kakuri ta koma bayan rufe masaƙu, ba sai na ja zance ba.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi kuma ta tambaya ko akwai na baya-bayan nan. Akwai American Rust na Philipp Meyer, 2009, wanda aka mayar fim mai dogon zango na talabijin a 2021. Sai dai ki shirya, akwai ban tausayi sosai.

Bari mu buɗe wasiƙa ta gaba.