Yadda masu fim ke aron titi a manyan birane

Akwai wani hoto a cikin fim ɗin Vanilla Sky da ya kamata a duba da kyau. Dandalin Times Square ne a birnin New York, wurin da ko tsakar dare ba ya rabuwa da cunkoso, amma ga shi wayam, ɗan wasan fim Tom Cruise kaɗai ke sheƙa gudu. Ba kwamfuta ce ta goge mutanen ba. Da sanyin safiyar wata Lahadi a shekarar 2000 hukuma ta amince aka rufe wurin na ɗan lokaci.

Titi na jama'a ne, mai fim aro yake yi, aro kuwa da sharaɗi yake zuwa. Tun 1966, zamanin magajin gari John Lindsay, New York ke da ofishin ba da izinin fim, har da sashen 'yan sanda na musamman don wannan aiki. In kyamarar a hannunka take kuma ba ka tare wa kowa hanya ba, ba sai ka nemi izini ba. Amma da zarar ka sauke fitilu da janareto, manyan motocinka suka mamaye gefen titi, to sai da takarda, sai da inshorar aƙalla dala miliyan 1. In akwai bindigar wasa ko ɗan wasa cikin kakin ɗan sanda, dole ɗan sandan gaske ya tsaya a wurin, don kada mai wucewa ya firgita.

Sau da yawa ma ba a rufe titin gaba ɗaya. Ɗan sanda zai ɗaga hannu, motoci su tsaya 'yan mintoci, darakta ya ce a yanke, a sake su.

A Landan dokar 2008 ce ta ba hukumomi ikon rufe hanya saboda fim, a Los Angeles kuma ta hannun FilmLA, ofishin fim na birnin, ake neman izini.

Ni dai sharaɗin da ya fi zama mini a rai shi ne na maƙwabta. Kafin ranar, a kai takardar sanarwa gida-gida da shago-shago, ɗauke da lokaci da lambar wayar da za a kira. A kafa allon hana ajiye mota tun da wuri. Kuma komai tsadar abin da ake ɗauka, a bar hanyar motar asibiti da ta kashe gobara a buɗe. Jiniya na tashi, kyamara za ta tsaya, a janye shingen.